Man Rake a Tankin Dattijuwa

Kun tashi kun ga hannuwan mahaifinku a ƙanƙame, yatsunsa ba sa rufuwa, kuma kowannenku ya jiyo nasa labarin a waje. Wasu sun ce muku haɗarin mota ne, wasu sun faɗa muku abin da ya fi haka muni. Shi bai taɓa zaunar da ku ya ba ku labarin ba har Allah ya karɓi abinsa, ni ma na yi shiru saboda shirunsa. Yanzu da ƙarfina ya fara tafiya, gara ku ji daga bakin wadda take zaune a gefensa ranar da abin ya faru.

Motar da muke ci da ita a lokacin tsohuwar a-kori-kura ce koriya. Mahaifinku shi ne direban wani Baturen gona, da Baturen zai koma ƙasarsu ana dab da samun 'yancin kai sai ya sayar masa da ita, kuma ko a hannun Baturen ba sabuwa ba ce. Lokacin da aka kawo ni gidan, ta riga ni da shekaru. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, sababbin motoci suka cika titi, ita ce ta zama babba a tashar Birnin Kudu, har direbobi suka sa mata suna Dattijuwa. Bai ji haushin sunan ba, shi ma da shi yake kiranta. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya karya. Ranar kasuwa yakan ɗauki mutane da kaya zuwa Gwaram, idan hanya ta yi kyau har Basirka, kuma mutanen ƙauye sun fi son ta saboda tana shiga inda sababbin ba sa shiga. Ba mu da babbar gona. Abin da muke da shi bayan motar shi ne fadamar rake da ya gada tare da ƙanensa Ado, wanda yake dafa mazarƙwaila a can. Ni kuma ina soya ƙosai a cikin gida ana shigowa saye.

Abin da har yau ban gane ba shi ne, a shekarun da ake cewa ƙasar nan ta haƙo mai har ya yi mata yawa, a shekarun ne man ya ɓace mana. Sai direba ya wuni a layi a gidan mai, ya dawo da tanki a bushe. Na 'yan bumburutu kuwa ya fi ƙarfinmu, don Dattijuwa mai shan mai ce, ba ta san tsimi ba. Ta fara kwana a ƙofar gida ba ta fita, mako ya zama makonni. Damina ta sauka, hatsin da muka saya da kaka ya yi ƙasa a rumbu. Nakan leƙa da safe in ga inda ya tsaya, in rufe, ban gaya wa kowa ba. Mahaifinku ma yana leƙawa, na sani, don nakan tarar da murfin ba yadda na bar shi ba.

Wata rana da la'asar ya shigo da rediyonsa a hannu, fuskarsa a sake irin yadda na daɗe ban gani ba. Ina tankaɗe, Inna mahaifiyarsa tana zaune a tabarma tana kaɗi.

“Kin ji abin da suka ce yanzu?” ya ce da ni. “A wata ƙasa can bayan teku, da ruwan rake suke tuƙa mota.”

“Ruwan rake, Malam? Irin wanda yara ke tsotsa?”

“Sai an bar shi ya yi tsami, a tafasa, a kama tururin. Abin da ya ɗigo shi ne man. Ana haɗa shi da fetur.”

Inna ta ajiye mazarinta.

“Dauda, abin da aka bari ya yi tsami aka tafasa aka kama tururinsa, a garin nan suna ɗaya gare shi.”

“Inna, ba baki za a kai shi ba. Tanki za a kai shi.”

“Ni na ji. Je ka gaya wa hancin mutane.”

Na san mahaifinku ya riga ya yanke. A can ƙarshen fadama, bayan bukkar da Ado ke dafa mazarƙwaila, ya kafa ganga a kan murhu, ya samo bututun tagulla ya lanƙwasa shi ya bi da shi ta cikin randar ruwan sanyi. Sau ɗaya na kai masa abinci can na ga abin da idona: wani farin ruwa yana ɗiga a kwalba kamar hawaye, warinsa yana hawa kai. Sai ya sake tafasa shi don ya rage masa ruwa. Shi yana kiransa man rake. Ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba. Amma warin yana biyo shi gida a riga da gashin kai. Na ware wa kayansa kwano daban, ina wanke su a bayan ɗaki. Kafin ya tafi masallaci sai ya yi wanka ya sake tufafi, duk da haka idan ya fita zuciyata tana tare da shi a sahu, ina tunanin wanda zai tsaya kusa da shi ya ja numfashi. Daga lokacin barcina ya ragu. Idan aka yi sallama da ƙarfi a zaure, sai in ce 'yan sanda ne, ko kuwa daga wajen alƙali aka aiko.

Da farko kaɗan ya zuba, kamar kashi ɗaya cikin goma, sauran duk fetur ne. Ya murɗa makulli, Dattijuwa ta yi tari ta tashi. Ya zagaya gari da ita ya dawo yana dariya kamar yaro. Ranar ko Inna sai da ta murmusa. Motar ta koma hanya, hatsi ya shigo gida, ni ma na ce ko tsorona ne ya yi yawa. Sai dai hayaƙinta ya sake wari, wani irin zaƙi-zaƙi, kuma a tasha babu abin da ke ɓoyuwa. Wani direba ya ce motar Dauda giya biyar gare ta, huɗu a hannu ɗaya a tanki. Aka yi dariya, maganar ta bi gari. Kafin ta iso unguwarmu ta tashi daga tanki ta koma bakinsa. Masu sayen ƙosaina suka fara raguwa. Wata maƙwabciya, da muke zaman mutunci, ta tambaye ni a hankali ko da tukwanen gidan ake dafa abin. Aka yi suna gida uku daga namu ba a aiko mini ba.

Sai Baba mahaifina ya aiko a kira ni. Kun san kakanku limami ne a Wurno, mutum ne marar hayaniya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi. Idonsa a ƙasa ya ce:

“Hansatu, ban ce mijinki yana sha ba. Na san Dauda. Amma wanda ya dafa ta ya dafa ta, ko a ina ya zuba.”

“Baba, yunwa ce ta sa. Mai ya gagara.”

“Ba shi kaɗai ya gagara ba. Ni mutane suna bi na salla, suna kuma kallon inda na kai 'yata. Ki zauna nan ke da yaran har ya bari. Ba raba ku nake yi ba.”

Hawaye suka zubo mini. Na tuna Inna da ƙafafunta da ba sa kai ta bakin rijiya. Na tuna idan na zauna, gari zai ce ko matarsa ta tabbatar. Ban taɓa musa wa Baba ba a rayuwata, amma ranar na ce:

“Baba, ka gafarce ni. Idan na baro shi yanzu, na shaide shi da abin da bai yi ba.”

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a idonsa, da fushin ne ma da ya fi mini sauƙi.

“To, tashi ki tafi, Allah ya tsare. Amma ƙafata ba za ta taka gidan ba.”

Na dawo Birnin Kudu ina kuka a hanya. Ban gaya wa mahaifinku duka ba, amma ya gane, don bai tambaye ni yadda na baro su ba.

Fetur ya ƙara wuya. Daga kashi ɗaya haɗin ya koma rabi da rabi, daga nan man rake ya rinjayi fetur, ɗan fetur ɗin don ta tashi ne kawai. A nan ne Dattijuwa ta fara nuna ba ta so. Da safe sai an tura ta. A hanya ta riƙa shaƙewa tana mutuwa, ya sauka ya cire tiyo ya busa, tsatsa ja ta fito. Kullum ya dawo yatsunsa baƙi ƙirin, ba baƙin mai ba, wani baƙi mai danƙo da sabulu ba ya fitarwa. Na tambaye shi, ya ɗauko wani guntun tiyo ya ba ni. Na matsa, ya narke a hannuna kamar danƙon da ya sha rana.

“Malam, motar nan ba ta son abin nan.”

“Na sani. Cikinta na dā ne, ba a yi shi don wannan ba. Yana cin roba, yana kankare tsatsar tanki yana turo ta gaba.”

“To ka bari mana.”

“In bari mu ci me? Kaka ta kusa. Mu kai kaka, wallahi zan ajiye ta.”

Ya je Kano neman kayan gyara, ya zagaya ya dawo hannu biyu, don an daina kawo kayan irinta tun da daɗewa. Sai ya riƙa yanka robar tayar keke yana naɗe duk inda ya tsage. Daga baya famfon da ke jawo mai daga tanki shi ma ya mutu, robar cikinsa ta zagwanye. Sai ya ɗaure galan a kan rufin, sama da kan direba, ya zuro tiyo daga can ya shigar da shi cikin injin, man yana gangarowa da kansa. Duk wanda ya ga motar a lokacin ya san tana tafiya ne da addu'a. Idan ya fita da safe, ba na iya cin abin kirki sai na ji ƙararta ta shawo kwanar gida. Nakan tsaya a tsakar gida da muciya a hannu ina saurare. Kowace mota ta wuce sai in ce ita ce, sai ta wuce.

Ranar da abin ya faru, rasuwa aka yi wa Inna a Gwaram, ƙafa ta hana ta zuwa, ta ce in je in yi gaisuwa a madadinta. Ranar kasuwa ce. Na bar yayarku a wajenta, kai Habibu kana goye, na kwanto ka na rungume na zauna a gaba. A baya akwai mutane da buhuna da awaki, da wata tsohuwar Bafulatana mai ƙoren nono da muka ɗauka a hanya. Tun da muka tashi warin ya cika gaban motar fiye da kullum, har idona yana yaji. Na dube shi, ya ƙi dubana. Rana ta take, an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Mun wuce rabin hanya, a wani hawa tsakanin duwatsu, ta fara shaƙewa, ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, ta mutu. Ya ja birki ya sauka ya ɗaga murfin injin.

Ina kallonsa ta gefen murfin. Na ga ya kai hannu biyu ya damƙe tiyon nan ya lanƙwasa shi. Sai na ga fuskarsa ta sake, ya buɗe baki ya kwarma ihu:

“Ku sauka! Wuta! Kowa ya sauka!”

Babu wanda ya motsa, don babu wanda ya ga wuta. Wannan ne abin da mutane ba su sani ba, ni ma sai ranar na sani: wutar man rake ba ta da launi a tsakar rana. Ba ja, ba hayaƙi. Iska kawai na gani tana rawa a kan injin, irin yadda take yi a kan kwalta. Wani a baya ya ce ko kunama ce ta harbe shi. Sai na ga gashin hannunsa yana nannaɗewa, bakin hannun rigarsa yana yin baƙi shi kaɗai.

“Don Allah ku sauka! In na saki, galan ɗin zai kama! Hansatu, fita da yaron!”

A gaban mutane ya kira sunana, abin da bai taɓa yi ba. Na kai hannu ƙofa, ta ƙi buɗuwa, don ta ɓangarena daga waje ake buɗe ta. Na riƙa bugun ta da kafaɗa, kana ta tsala kuka, galan ɗin yana samanmu, ina jin ɗigarsa a rufi. A baya aka rikice, mutane suna tsalle, awaki suna kuka. Wani mai buhun dawa, wanda har yau ban san sunansa ba, ya zagayo ya fizge ƙofar ya jawo ni. Na gudu da kai bayan wani dutse na juyo. Mahaifinku yana nan tsaye inda yake, hannu biyu a kan tiyo, kansa a sama, yana kiran sunan Allah. Tsohuwar nan ce ta rage, ta kasa dirowa, maza biyu suna kama ta. Yana kallonsu. Sai da ƙafarta ta taɓa ƙasa aka ja ta gefe, sannan ya saki ya faɗi da baya ya mirgina. Man ya kwararo, fenti da roba suka kama, sai a lokacin wuta ta fito da launinta, galan ya fashe, baƙin hayaƙi ya tashi sama.

Aka ja shi nesa aka watsa masa ƙasa. Ban so in faɗa muku yadda hannuwan suke ba. Tsohuwar ta sa aka miƙo mata ƙwaryar da ta tsira, ta durƙusa ta riƙa tsiyaya masa nono mai sanyi tana cewa, “Sannu ɗana, sannu ɗana.” Shi kuwa ba hannunsa yake kallo ba. Ya riƙa tambaya:

“Kowa ya fita? Ku duba mini, kowa ya fita?”

Kowa ya fita. Muna zaune a gefen hanya muna kallon Dattijuwa tana ci da wuta, har wata babbar mota ta zo ta kwashe mu zuwa asibiti.

Ya daɗe a kwance. Ni nake ba shi abinci a baki. Kafin labari ya gama zagaya gari, Ado ya fasa gangar ya jefa bututun a kogi, da 'yan sanda suka je ba su sami komai ba, suka yi 'yan tambayoyi suka tafi. A gari kuwa an ce hukunci ne, wasu suka ce a buge yake tuƙi. Waɗanda suke cikin motar ne kaɗai suka tsaya masa. Babu wanda ya zo neman buhunsa da ya ƙone, kuma duk inda aka ta da maganar a gabansu sai sun faɗi abin da suka gani. Amma su kaɗan ne, garin kuma da yawa.

Baba ya zo asibiti. Ina zaune a bakin gado na ga rawaninsa a ƙofa, na miƙe. Ya tsaya a kan mahaifinku ya dubi hannuwan a naɗe.

“Dauda, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa kai shi baki?”

“Wallahi Baba, ko ɗigo.”

“Na yarda.”

Ya ɗora hannu a goshinsa ya yi masa addu'a mai tsawo, ya juya ya tafi. Ya yarda, amma maganar da ya yi a zaure bai janye ta ba. Mu muke zuwa Wurno, ya karɓe mu da fara'a, ya ɗauke ku a cinya, amma har ya rasu bai shigo gidanmu ba. Wannan shi ne rabona a cikin abin, kuma har yanzu idan na tuna sai na ji shi a ƙirji. Ba a daɗe da sallamo mahaifinku ba fetur ya dawo gidajen mai kamar bai taɓa ɓacewa ba. Shi kuwa hannunsa bai ƙara kama sitiyari ba. Ya koma tasha yana kira wa direbobin da suka yi masa dariya fasinja, da wannan da ƙosaina muka yi renonku.

Gawar motar ta zauna a gefen hanyar Gwaram, ba wanda ya ɗauke ta. Shekaru ya yi yana ƙin bin hanyar, har wani biki ya tilasta mana muka shiga bas tare. Da muka kusa hawan na riƙa satar kallonsa. Direban matashi ne, bai san mu ba. Ya rage gudu ya ce:

“Akwai mai sauka a Ƙonanniya?”

Ashe sunan wurin ke nan yanzu. Tana nan, ta yi ja da tsatsa, ta nutse a ƙasa har rabin ƙafa, wata bishiya ta fito a gefenta ta yi mata inuwa. Mutanen ƙauyukan kusa sun mai da wurin tasha. Mata uku suna zaune a bayanta da ƙullin kayansu suna jiran mota, wani dattijo ya jingina da ƙofar da ta ƙi buɗe mini. Mahaifinku ya bi ta da kallo, ya juya wuya har duwatsu suka rufe ta. Na ɗauka kuka zai yi a cikin mutane. Sai ya sunkuyo kusa da kunnena, murya ƙasa-ƙasa.

“Kin gani? Har yanzu tana ɗaukar fasinja.”